Hawan kogon dutse a gabashin Damagaram lokacin kaka

Bayan sallar asuba muka bar unguwar Zango ta birnin Zinder a kan babura, muka kama kwaltar da ta nufi Mirya. Mirya kilomita 18 ce daga Zinder, amma ba mu kai ta ba, muka ratse muka bi turbar amalanke ta cikin gonaki zuwa wani tarin duwatsu da ake hangowa daga hanya. Irin duwatsun nan ne da ke zaune a unguwar Birni, manya masu sulɓi, wani bisa wani. Su ne kuma ke shimfiɗe ƙarƙashin garin, shi ya sa haƙa rijiya a Zinder ke da wuya har ake jawo ruwan sha daga nesa.

A watan Oktoba hanyar zuwa dutsen ta cikin gonar mutane take bi, ga dammunan hatsi a jere ba a kai rumbu ba. Saboda haka ba a wucewa sai da sallama. Muka tarar da wani dattijo yana ɗaurin dami.

"Baba, sannu da aiki. Kogon can muke so mu hau, ta ina ya fi?"

"Ku bi ta yamma, samari, inda awaki ke bi. Gabas akwai zuma a tsaga."

Wannan tambayar ta fi kowane guzuri amfani. Ƙudan zuma na kafa saƙa a tsagar dutse, kuma mai gona ya san inda suke. Kada a shafa turare ranar hawa, kada a yi ihu kusa da tsaga.

Hawan kansa bai wuce minti 25 ba, sai dai a tsaye yake. Kashin farko ciyawa ce da ƙarangiya, wadda a kaka ta bushe ta nuna, tana kama wando da safa. Wando mai kauri ya fi, a cusa ƙafarsa cikin safa. Mai silifa ya tsaya a gindi. A nan ne kuma ake kiyaye kububuwa: launinta ɗaya da ƙasa, tana kwanciya a gindin dutse da ƙarƙashin kara. Na gaba ya riƙe sanda yana bugun ciyawa, kuma ba a zura hannu a ramin da ido bai gani ba. In tsautsayi ya faɗa, ba tsaga wurin, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A hana mutum tafiya, a ɗauke shi zuwa babban asibitin Zinder.

Kashi na biyu falalen dutse ne, kuma nan aikin yake. Zafin rana da sanyin dare suna sa fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa kamar ɓawon albasa. Sai ka ga faffaɗan ɓallin da ka ɗauka dutse ne mai ƙarfi, ka taka ya zame da kai. Ƙwanƙwasa shi da sanda tukuna: in ya yi amon abu mai rami a ciki, kauce masa. Ruwan damina kuma ya bar tsakuwa a kan falalen, ita ke kwashe ƙafa. A taka inda dutse yake fes, hannu biyu a sake, kaya duka a jakar baya. A bar tazarar taku biyar tsakanin mutum da mutum, domin dutsen da na sama ya ture kan na ƙasa yake zuwa.

Kogon ba rami ne mai zurfi ba. Manyan duwatsu ne suka jingina da juna suka bar ɗaki a tsakani, mai ɗaukar mutum bakwai ko takwas a zaune. Kafin shiga mun haska tocila a ƙasa da rufi saboda kunama da maciji. Can ƙurya jemagu ne, warin kashinsu ke fara tarbar mutum. Ƙurar wurin ba ta da kyau ga ƙirji, don haka a rufe hanci da rawani, kada a share, kada a hura wuta. Zama a bakin kogon ya fi daɗi ma: iska na kaɗawa, ana ganin gonaki jawur da kara, da bishiyoyin gawo da suka fara fitar da ganye yanzu da sauran itatuwa ke shirin zubar da nasu.

Ruwa lita 2 ga kowane mutum, da ɗan dabino ko ƙuli-ƙuli. Zafin kaka ba wasa ba ne, kafin hunturu ya shigo rana na dukan dutse tun hantsi, zuwa ƙarfe goma tafin hannu ba ya iya dafa shi. Shi ya sa muka fara sauka ƙarfe tara.

Saukar ta ɗauke mu fiye da hawan. A wurare masu tsayi mun juya muka fuskanci dutsen, muna sauke ƙafa ɗaya bayan ɗaya, a kan falalen kuwa zama muka yi muna jan jiki. Wanda ya miƙe tsaye yana kallon ƙasa nauyinsa kan dunduniya yake komawa, tsakuwa ta ɗauke shi. A gindi muka zauna cire ƙarangiya: a jiƙa yatsu da ruwa kafin a kama ta, ƙayar ba ta shiga fata sosai.