Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Shawarar da Ta Iso Ni ta Waya

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. A makon jiya mun tsaya a inda sakamakon gwajin jinin sikila na mijina, Baban Ummi, ya fito AS, wato yana ɗauke da ƙwayar gadon ciwon ko da ba ya fama da shi, alhali takardar da aka ɗaura mana aure a kanta a 2019 AA aka rubuta. Ni dama tun ina sakandare na san AS ce ni, domin ƙanena mai bi mini sikila gare shi, shi ya sa Baba ya kwashe mu duka aka gwada mu. Lokacin aurenmu ba wanda ke tilasta gwaji, don dokar gwajin lafiya kafin aure a Jihar Kano sai a 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa mata hannu. Ni na nace a yi, ya je wani ƙaramin ɗakin gwaji a bakin kasuwa, aka ba shi takarda, muka yarda da ita.

Cikina na biyu yana mako 10 sa'ad da wannan magana ta taso. Ina ganin ɗigon jini, likitan awo ya hana ni doguwar tafiya, ga garinmu can kudancin jihar, hanyar zuwa birni duk jijjiga. Baban Ummi kuma yana Abuja wajen aiki. Likitan ne ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya a Kano wadda ta yi horo a kan ba ma'aurata shawara game da cututtukan gado. Ta sa mana ranar Laraba bayan la'asar, kiran bidiyo a WhatsApp, mu uku.

Gidanmu gidan gandu ne. Sashena yana manne da na Hajiya, mahaifiyar maigidana, kuma sabis ba ya kamawa a ɗakina sai a bakin tagar da ke kallon tsakar gida. Nan na ja kujera na zauna. Abin da Sista ta fara tambayata bayan gaisuwa shi ne, "Maman Ummi, inda kike akwai mai jin mu?" Na ce babu, na rage murya, ga matan gida suna surfe taku kaɗan da ni.

Ta iya bayani, Allah ya saka mata. Ta ce kowannenmu yana ɗauke da A ɗaya da S ɗaya, kuma jariri yana ɗaukar guda daga uba, guda daga uwa. Ta ɗauko ƙwayar wake huɗu ta nuna mana a tafin hannunta: ɗaya AA, biyu AS, ɗaya SS, wato mai ciwon sikila. Ta zuba su a kofi, ta rufe ido ta zaro ɗaya, ta mayar, ta girgiza, ta sake zarowa. Ta ce, "Haka kowane ciki yake. Ana mayar da waken ne a sake ɗauka. Don Ummi ta zo AS ba ya nufin wannan ya tsira, ba ya kuma nufin ya faɗa. Kashi 25 cikin 100 ne kowane karo." Ta ƙara da cewa kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, kuma ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 ake haifa da sikila a ƙasar nan duk shekara, fiye da kowace ƙasa a duniya.

Daidai ta ce "idan ya zo SS kuwa" sai hoton ya daskare. Fuskarta ta tsaya da baki a buɗe, na yi ta ɗaga waya sama ina neman sabis. A ɗan wannan tsakani ba abin da nake gani sai ƙanena yana birgima a tabarma cikin hunturu yana kiran Inna, da daren da muka kwana muna neman mai ba da jini. Da kiran ya dawo ta ci gaba daga inda ta tsaya, ba ta san inda zuciyata ta je ta dawo ba. Ba laifinta ba ne. Fuskata kawai take gani, ita ma a dishi-dishi, ba ta ganin yadda hannuna yake rawa.

Ta ce akwai hanyar sanin jinin jariri tun yana ciki. Daga wajen mako 11 zuwa 14 ana iya tsakuro ɗan ƙanƙanin yanki daga mabiyiya da allura a gwada, bayan mako 15 kuma sai dai a ɗebi ruwan da yake kwance a ciki. Akwai haɗarin ɓari, ƙasa da ɗaya cikin 100, kuma ni da nake ganin jini sai likita ya duba ya amince tukuna. Ta ambaci cibiyar Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Idi-Araba a Legas, daura da asibitin koyarwa, a matsayin inda aka daɗe ana yin wannan gwaji. Ba ta ɓoye mana cewa wasu suna yinsa ne da tunanin rabuwa da cikin ba, sai dai ta ce dokar da ake aiki da ita a Arewa ba ta yarda da hakan ba sai don ceton ran uwa. Ni dai wannan ƙofa a rufe take a zuciyata tun kafin ta faɗa, kuma malamanmu na Malikiyya sun tsananta a kanta tun farkon shigar ciki. Wasu kuma, in ji ta, suna yi ne don su shirya.

Wannan shiri shi ne abin da ban taɓa ji ba a zamanin ƙanena. Ta ce jaririn SS yakan zo lafiya lau, sai wajen wata biyar ko shida, lokacin da jinin da ya fito da shi daga ciki ya fara raguwa, ciwon yake bayyana, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Idan an sani da wuri, ana fara masa fenisilin tun yana wata biyu zuwa uku, a cika masa rigakafi, a kiyaye shi daga sauro, a ba shi folik asid da ruwa isasshe. Akwai maganin haidiroksiyuriya mai rage yawan tashin ciwon, akwai kuma hoton jijiyoyin kai da ake yi wa yara daga shekara 2 don gano mai haɗarin shanyewar ɓarin jiki, kuma ana yinsa a Asibitin Malam Aminu Kano.

Na ce, "Sista, don Allah da ke ce, za ki je Legas ɗin?" Ta ce, "Ba ni zan zaɓa muku ba, Maman Ummi. Nawa in tabbata kun gane, kuma duk wanda kuka ɗauka ina tare da ku." Yau na san gaskiyarta, amma a ranar ji na yi kamar ta sake mini hannu a tsakiyar ruwa.

Muka yi sallama. Hotonta ya ɓace, Baban Ummi ya ce ana jiransa a ofis, zai kira da dare, shi ma ya ɓace. Ko minti ɗaya ba a yi ba Ummi ta shigo tana kukan yunwa, matar wan mijina tana kira in zo in karɓi girki. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo. Da asibiti muka je, da mun fito tare, da mun zauna a benci ko ba mu ce komai ba, da akwai doguwar hanyar komawa gida da mutum zai yi kukansa ya share kafin ya shiga cikin jama'a. Ni daga jin wannan magana sai tuƙin tuwo. Ina roƙon masu wannan aiki, kafin ku kira mace mai ciki da irin wannan zance, ku ce ta samo wadda ta yarda da ita ta zauna kusa da ita.

Duk da haka ba zan ci amanar wayar ba. Baban Ummi bai taɓa raka ni awo ba, ko a cikin Ummi, don a garinmu namiji ba ya zama a layin mata. Ta waya kuwa ya zauna daga farko har ƙarshe, ya yi tambaya, ya ji da kunnensa cewa rabin abin daga jininsa yake. Da ni na kai masa wannan magana, wallahi da sai ta zama gardama. Daren nan Sista ta turo mini bayanin duka da saƙon murya cikin Hausa, na yi ta maimaita shi har na haddace.

Ashe taga ta riga ta fitar da zance. Washegari da na je gaida Hajiya, ko amsawa ba ta gama ba ta ce, "Jiya na ji ana ta ambaton sikila a ɗakinki. Mu dai a zuri'armu kaf babu wannan ciwo. Kowa ya san gidan da yake." Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, gwaji ne ya nuna mu biyun duka muna ɗauke da shi." Ta ce ɗanta ko ciwon kai bai cika yi ba, ta ina zai ɗauko? Kafin azahar zancen ya zaga gida. Wata ta kawo mini rubutu, wata ta ce waya ce ke koya wa matan yanzu bincike a kan abin da Allah ya ɓoye, wata kuwa da na shigo sai ta yi shiru.

Da dare na faɗa wa Baban Ummi komai ina kuka. Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya ce shi ba zai iya musu da mahaifiyarsa ba, amma zai roƙi Sista ta yi mata bayani da bakinta, shi ma yana kan layi. Hajiya ta ce ita ba ta magana da likitan da ba ta gani a gabanta. Sai da Kawu, ƙanen marigayi mijinta, ya sa baki, sannan ta ce to, a kira ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, amma da sharaɗin a ɗakinta za a yi, kuma matan gida duka su zauna.

Yadda zaman nan ya kaya, da abin da muka yanke game da tafiya Legas, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.