Kujerar majalisar jiha a gunduma ake rasa ta

Na zauna a Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato, ɗaya daga cikin kujeru 30, na gabatar da ƙudurori, na yi aikin kwamiti, na kare kasafin kuɗi. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya yi mini rana a zaɓen fidda gwani na 2022. Har yau abin yana ci mini rai, domin ban faɗi a akwati ba, talakawan mazaɓata ba a ma tambaye su ba.

Abin da ya kayar da ire-irenmu layi ɗaya ne a Dokar Zaɓe ta 2022, sashe na 84(8): daliget, wato wakilan jam'iyya, waɗanda aka zaɓa domin wannan zaɓen kaɗai za su jefa ƙuri'a. Kafin nan, mun saba da ciyaman, kansiloli da shugabannin jam'iyya suna shiga fili saboda muƙaminsu. Su muke yi wa hidima shekara huɗu, buhun gero da azumi, rago da Babbar Sallah. Majalisar Tarayya ta yi gaggawar gyara sashen a watan Mayu, shugaban ƙasa bai sa hannu ba. Aka wayi gari duk ba su da ƙuri'a. Ni kaina, ɗan majalisa mai ci, ba ni da ita.

To yi lissafi. A 2022 PDP daliget uku-uku ta fitar a gunduma, APC biyar-biyar. Mazaɓa mai gunduma 10, mutum 30 ke nan ko 50. Mutum 16 ko 26 sun isa su raba ka da kujera. Fom kuwa ka riga ka saya, a lokacin naira dubu 600 a PDP, miliyan 2 a APC, kuma ba a mayar da kuɗi.

Saboda haka, duk kakar da daliget ke fidda gwani, ranar zaɓen daliget a gunduma ita ce ranar zaɓenka. Sa mutanenka su sayi fom ɗin daliget da wuri, ka riƙe rasit. A kowace gunduma ajiye mutum mai karatu, ya tsaya har a rubuta sakamako, ya ɗauki hotonsa da waya. Sunaye tsakanin gunduma da hedikwatar jam'iyya suke canza kama, sai ka ga Bello ya koma Buhari, wai kuskuren mai bugawa. Kada ka yarda da "ranka shi daɗe, an gama komai". Wanda ya faɗa maka haka da hantsi ya faɗa wa abokin takararka da la'asar.

Idan aka kira ka maslaha, wato a fitar da ɗan takara ɗaya ba tare da ƙuri'a ba, ka sani sashe na 84(9) na dokar 2022 ya ce sai kowane ɗan takara da aka tantance ya amince a rubuce. Sa hannunka shi ne jarinka na ƙarshe. Wasu sun ba da shi cikin dare don jin kunyar manya, da alkawarin muƙamin da har yau shiru.

Sai batun kotu, inda da yawa suka ƙara faɗuwa. Tsarin mulki, sashe na 285(9), kwana 14 kacal ya bayar don shigar da ƙara daga ranar da abin ya faru, dokar 2022 kuma ta ce a Babbar Kotun Tarayya. Kwamitin ɗaukaka ƙara na jam'iyya ba ya tsayar da wannan agogo. Yana ce maka ka yi haƙuri, kwanaki suna tafiya. Nemi kwafin rahoton jami'an INEC da suka sa ido, mai hatimi, washegari, ka miƙa wa lauya ko da ba ka yanke shawarar shiga kotu ba.

Dokar zaɓe kuma ba ta zama wuri ɗaya. Kowace kaka ka sa lauya ya karanta maka sashen fidda gwani kafin ka sayi fom, sannan ka tambaye shi abu ɗaya: su wa ke da ƙuri'a a wannan karon, kuma wa ke riƙe da jerin sunayensu?