Wa ya san ka? Yadda wasu shafuka suka fara nuni zuwa nawa

Shafin intanet ɗin da nake gudanarwa na noma ne, kuma da Hausa zalla nake rubuta shi daga nan Zariya: wane iri ne ya dace da ƙasarmu, yaushe ake zuba taki, yadda ake adana wake kada ƙwari su cinye shi, sai kuma farashin hatsi duk lokacin da na samu leƙawa kasuwar Giwa. Na daɗe ina rubutu babu mai shigowa sai waɗanda na tura wa ta WhatsApp. In ka nemi maganin ƙuduji a gonar masara a Google, sai ka ga shafukan da ba su kai nawa bayani ba suna sama, nawa kuwa ko ƙyallinsa babu. Abin ya dame ni ƙwarai, domin manomin da ya samu bayanin nan a kan kari zai iya tsira da amfanin damina guda.

Da na zauna na yi karatun abin sai na gane inda gizo ke saƙar. Tun da Larry Page da Sergey Brin suka kafa Google a 1998, dabarar da suka fito da ita, wadda suka kira PageRank, ta ginu ne a kan mahaɗai. Idan wani shafi ya saka mahaɗin da ke kai mai karatu zuwa naka, Google na ɗaukar hakan a matsayin shaida cewa akwai abin kirki a wurinka, kuma shaidar shafin da shi kansa aka yarda da shi ta fi nauyi. Yau abubuwan da suke dubawa sun ƙaru sosai, amma wannan ginshiƙin yana nan. Kamar baƙo ne da ya shigo kasuwa yana neman kaya bashi: kafin a duba kyawun rigarsa, abin da za a fara tambaya shi ne wa ya san shi, wa zai tsaya masa.

Ba a jima ba masu sayar da mahaɗai suka fara turo mini saƙo, wai za su samo mini ɗaruruwa cikin mako guda a kan kuɗi kaɗan. Ban saya ba, kuma ina roƙon duk mai shafi kada ya saya. Shafukan da suke jibga mahaɗan nan a ciki babu mai karanta su, yawancinsu ma da harsunan da manomin Soba ko na Makarfi bai taɓa ji ba. Tun watan Afrilun 2012 Google ya fito da gyaran da ake kira Penguin domin maganin irin wannan maguɗi, kuma dokokinsa sun fito fili cewa sayen mahaɗi don a ɗaga shafi laifi ne. Ko da ba a hukunta ka ba, kuɗinka ya tafi a banza, tunda babu mutum ɗaya mai rai da zai biyo ta can ya zo gare ka.

Sai na ɗauki littafi na fara rubuta sunayen waɗanda ke da shafi kuma masu karatunsu ke buƙatar abin da nake da shi. A nan Zariya ta yi mini rana. A Samaru an fara binciken aikin gona tun 1922, shekaru arba'in kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma daga cibiyar binciken noma ta jami'ar da ake kira IAR ne irin masarar SAMMAZ da waken SAMPEA da gyaɗar SAMNUT da dawar SAMSORG suke fitowa. Ga kuma NAERLS da ke aikin isar da sakamakon bincike ga manoma. Masana sun cika gari. Sai dai yawancin abin da suke rubutawa da Turanci ne, a mujallun da manomi ba zai taɓa buɗewa ba. Abin da ni nake da shi kuwa Hausa ce da kunnen manoma, kuma shi ne abin da zan iya shiga da shi wurinsu ba hannu rabbana ba.

Na rubuta bayani a kan waken SAMPEA 20-T, wanda aka fitar a 2019, mai jure wa tsutsar nan da ke huda kwanson wake. Kafin in saka shi a shafi sai na buga a takarda na nufi Samaru wurin wani malami da wani ɗalibinsa ya haɗa mu. Na tarar da shi yana duba takardun ɗalibai, fanka na ta kaɗa su yana danne su da kofin shayi. Muka gaisa, na ce, "Ranka ya daɗe, wani ɗan rubutu na yi wa manoma, ba na so in faɗa musu abin da ba haka ba, shi ne na kawo a duba mini." Ya ɗauki jan biro ya bi shi layi-layi. Da ya zo ƙarshe sai ya ce, "Malam, ka ƙara musu abu ɗaya. Kada su ɗauka an daina feshi gaba ɗaya, rage shi aka yi, domin akwai sauran ƙwarin da irin nan bai hana su ba." Ya rubuta mini hakan a gefen takardar da hannunsa.

Ranar ban ko ambaci mahaɗi ba. Na koma na ƙara abin da ya ce, na rubuta a ƙasa cewa wani masani ya duba, na tura masa ya gani. Daga nan duk rubutun da ya shafi fanninsa sai na kai masa, wani lokaci kuma shi ne ke kirana ya ce ga tambayar da manoma suka yi masa, ko zan rubuta ta da Hausa. Sai can daga baya na lura yana da ɗan shafinsa na kansa inda yake tara wa ɗalibai da malaman gona abubuwan karantawa. Na ce masa in ya ga ya dace, ya ƙara nawa domin masu aiki da manoman da ba sa jin Turanci. Ya ce ai da ma ya yi niyya. Wannan ne mahaɗina na farko mai daraja, kuma har yau ta nan malaman gona suka fi shigowa.

Hanya ta biyu hotuna ne suka buɗe mini ita. Jaridun Hausa na intanet kullum suna neman hoton gida, domin yawancin hotunan da ake samu kyauta na gonakin wasu ƙasashe ne. Ni kuwa wayata cike take da hotunan tsutsar nan mai cin masara da ta ɓulla a ƙasar nan a 2016, yadda take shigewa tsakiyar ganye ta bar kashinta kamar garin katako, da hotunan buhunan hatsi jere a ranar kasuwa. Wata rana na ga ɗaya daga cikinsu a kan labarin wata jarida, babu sunana babu na shafina. Na nemo lambar editan na kira shi, muka gaisa, na ce na ji daɗi da hotona ya yi musu amfani, ina da wasu da yawa da suka fi shi kyau, zan riƙa ba su kyauta, abin da kawai nake so shi ne a rubuta inda aka samo a saka mahaɗi. Ya ba ni haƙuri, ya gyara a ranar. Yanzu in farashin taki ya tashi ko ƙwari suka faɗa wa gonaki, ni yake kira ya ji abin da manoma ke cewa, har ya ba ni fili na rubuta musu maƙala. Da na tashi masa da faɗa, iyakaci ya cire hoton, shi ke nan.

Ga waɗanda suke nesa dole sai saƙon imel ko WhatsApp, kuma a nan ne mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Saƙon da aka kwafa aka tura wa mutum hamsin yana da wari, daga layin farko ake gane shi. Ni sai na karanta shafin mutum tukuna, in samu takamaiman wurin da rubutuna zai ƙara wa nasa amfani. Ga irin abin da na rubuta wa wata ƙungiya mai aiki da manoma: "Assalamu alaikum, barkanku da aiki. Na karanta bayaninku a kan adana wake. Mahaɗin da kuka saka a sakin layi na uku ya daina buɗewa. Ina da bayani da Hausa a kan buhun PICS mai ninki uku, da hotunan yadda ake ɗaure kowane ninki, ko zai maye muku gurbinsa. In bai dace ba, babu komai, na dai ga ya kamata ku sani." Matattun mahaɗai irin wannan sun yi yawa a shafukan ƙungiyoyi, domin shiri na ƙarewa shafinsa ke mutuwa, kuma duk wanda ka nuna wa nasa ka riga ka yi masa alheri kafin ka roƙi komai. In an yi shiru nakan tuna sau ɗaya bayan kwanaki, daga nan in ƙyale. Naci ba ya haifar da mahaɗi, sai dai ya sa a toshe lambarka.

Wani lokaci kai ne za ka fara bayarwa. Akwai wata Hajiya a cikin birni da ke jagorantar matan da ke matsar man gyaɗa da suyar ƙuliƙuli, 'yarta ta buɗe musu ɗan ƙaramin shafi. Na nemi izini na je, aka shimfiɗa mini tabarma a zaure, ta yi mini bayanin yadda suke zaɓen gyaɗa da yadda suke ware wadda ta yi funfuna saboda gubar da ke cikinta. Da zan tafi ta ce, "Ɗan nan, ka dai rubuta daidai, kada ka ƙara mana gishiri." Na rubuta daidai, na saka mahaɗin shafinsu, wasu masu saye suka same su ta nan. Su da kansu suka saka nawa ba tare da na tambaya ba. Wannan daban yake da cinikin "saka ni in saka ka" da wasu ke yi da duk wanda suka gamu da shi, mai shafin ƙwallo da mai shafin girki, wanda Google ke lissafawa cikin maguɗi idan ya yi yawa.

Ba kowane mahaɗi ne ke ɗaga shafi ba, ya kamata a san wannan. Tun 2005 akwai alamar da ake kira nofollow, wadda mai shafi ke maƙala wa mahaɗi don ya nuna bai tsaya masa ba, kuma a 2019 aka ƙaro wasu biyu, ɗaya ta talla ɗaya ta abin da masu ziyara suka rubuta. Mahaɗan da ke fita daga Wikipedia suna ɗauke da nofollow, haka yawancin na dandalin sada zumunta. Saboda haka masu zuwa Wikipedia ta Hausa suna cusa adireshin shafinsu wahalar banza suke yi, kuma suna ɓata wa masu aikin sa kai lokaci. Amma ban raina Facebook ba, domin a can ne editoci da malamai da dama suka fara ganin rubutuna kafin su san ni.

Akwai inda ban samu ba. Manyan hukumomi da makarantu sai an rubuta wasiƙa, ta bi ofis-ofis, kuma sau da yawa wanda ka sani ba shi ne ke riƙe da shafin ba. Wasu masu shafi kuma da ka gama bayani sai su faɗi farashi. Nakan yi godiya in ce ba ni da wannan tsarin, in kuwa talla ce a rubuta ta a fili talla ce. Ba na yanke gaisuwa da kowa saboda haka, domin garin ƙarami ne, gobe a wurin ɗaurin aure ko ta'aziyya za ku haɗu.

A Google Search Console, wanda kyauta ne, nake duba shafukan da ke nuni zuwa nawa. Ba su da yawa, amma kusan kowanne na san mai shi, na san muryarsa a waya. A hankali rubutuna ya fara fitowa a sakamakon bincike, har manoma daga Katsina da Maraɗi suna turo tambayoyi.

Nauyin da ban zata ba shi ne wanda ya biyo baya. Duk wanda ya saka mahaɗinka ya jingina mutuncinsa da rubutunka, in ɗalibi ya latsa ya tarar da shafi ya mutu ko bayani ya tsufa, malamin za a kalla. Don haka ba na canza adireshin rubutun da aka riga aka yi nuni zuwa gare shi, in ya zama dole sai in sa tsohon ya riƙa tura mutane zuwa sabon. Ba na wasa da biyan kuɗin sunan shafi kafin wa'adinsa ya cika. Kafin kowace damina kuma nakan bi rubuce-rubucen iri da taki da feshi ɗaya bayan ɗaya, in cire maganin da aka daina sayarwa, in ƙara sabon irin da ya fito, sannan in tura wa waɗanda suka saka mahaɗin cewa ga abin da ya canza.