Muryar ta Mutane ce, Almakashin na Marubuci

Akwai wani nau'in wasan kwaikwayo da marubucinsa ba ya ƙirƙirar ko kalma ɗaya. Rikoda yake ɗauka ya bi ganau, mutanen da abin ya faru a kan idonsu ko a jikinsu, ya naɗi maganarsu. Wani lokaci kuma bayanan zaman kotu ko na kwamitin bincike yake samowa. Abin da aka faɗa shi ɗan wasa zai hau dandamali ya maimaita, ba ƙari. A kan wannan na rubuta kundin kammala digirina, kuma yanzu da nake tace muryoyi a gidan rediyo na gane cewa ban rabu da shi ba.

Wadda na fi daɗewa a kan aikinta ita ce Anna Deavere Smith, Ba'amurkiya baƙar fata da aka haifa a Baltimore a 1950. Wasanta Fires in the Mirror, wanda aka fara nunawa a New York a 1992, ya tashi ne daga rikicin unguwar Crown Heights ta Brooklyn. Ranar 19 ga Agustan 1991 wata mota daga ayarin Menachem Schneerson, jagoran Yahudawa mabiya Lubavitch, ta ƙwace ta hau gefen titi ta buge yara biyu baƙaƙen fata. Gavin Cato, ɗan shekara 7, wanda iyayensa 'yan Guyana ne, ya rasu. Nan take magana ta bazu cewa motar asibitin Yahudawa ta ɗauke direban ta bar yaran a ƙasa. Kafin gari ya waye wasu matasa sun daɓa wa Yankel Rosenbaum wuƙa, ɗalibi Bayahude ɗan shekara 29 da ya zo daga Ostiraliya, shi ma ya rasu. Kwana uku unguwar ba ta zauna lafiya ba.

Da ni aka ba aikin, da hatsarin motar zan fara. Smith ba ta yi haka ba. Sai an yi nisa cikin wasan kafin a zo kan tarzomar. Kafin nan za ka ji Al Sharpton, mai wa'azi kuma ɗan gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata, yana bayanin gyaran gashinsa da alƙawarin da ya yi wa mawaƙi James Brown a kai, ka ji wata Bayahudiya tana maganar gashin kanti da matan aurensu ke rufe kai da shi. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne labarin wata mata da ba a ambaci sunanta ba. Ranar Asabar ce, ranar da addininsu ya hana su kunna ko kashe kayan lantarki, sai jaririyar gidan ta taɓa rediyo ya hau ƙara. Ba halin su kashe. Matar ta fita titi ta samo wani yaro baƙar fata, ta shigo da shi, tana ta kewaye-kewaye don ba ta da damar ce masa kai tsaye ya kashe, har dai ya kashe. Tana ba da labarin tana dariya, tana cewa ƙila yaron ya tafi da tunanin mutanen nan ba su da wayo. Ba wanda ya mutu a labarin, ba wanda ya zagi wani. Amma daga shi ka riga ka san yadda maƙwabta ke zaune ƙofa da ƙofa shekara da shekaru ba wanda ya san dalilin abin da ɗan uwansa ke yi. Lokacin da jini ya zuba a wasan, ba baƙi ne ke magana ba, mutane ne da ka riga ka shiga gidajensu.

Abin da ya fi shafar aikina na yau kuwa shi ne inda take neman gaskiyar mutum. A wajenta ba a cikin tsararriyar magana take ba, tana inda maganar ta karye: inda mutum ya yi tuntuɓe, ya maimaita, ya fara jimla ya kasa ƙarasawa. Ta sha ba da labarin tambayoyi uku da wata masaniyar harshe ta ba ta don fitar da mutum daga haddar da ya saba karantowa: ko ka taɓa kusan mutuwa, ko an taɓa zargin ka da abin da ba ka yi ba, ko ka san yadda aka yi aka haife ka. Mu kuma a ɗakin tacewa abin da muke fara yankewa ke nan, duk wani "eh", "wato", "am" da shirun da ke tsakani, saboda an ba ka daƙiƙa ashirin kuma labarai ba sa jira. Kwanakin baya an kawo mini muryar wani tela da gobarar kasuwa ta cinye shagonsa. Ya ce, "Alhamdulillahi, ba komai, Allah ne ya kawo. Ba komai." Sai ya yi shiru mai ɗan tsawo, ana jin hayaniyar mutane a bayansa. Sannan ya ce, "Keken ne dai. Na mahaifina ne." In ka matse shirun nan, ka samu mutumin da ya yi tawakkali kuma ya lissafa asararsa. In ka bar shi, mai sauraro zai ji daidai lokacin da tawakkalin ya yi masa nauyi. Na roƙi editanmu na ce, "Yallabai, a bar mini daƙiƙa huɗun nan, in rage a wani wuri." Ya bari, bayan ya saurara da kansa.

Sai batun kwaikwayon murya, wanda a wajenmu yake da tarko. Smith ita kaɗai take fitowa, yawanci ba takalmi, ta zama namiji, ta zama mace, ta zama malamin Yahudawa, ta zama 'yar Koriya, da hula ko tabarau ko laƙatayi kawai. Mu kuwa mun taso ne a inda kwaikwayon Hausar wani ɗan ƙabila alama ce ta an zo wurin dariya. A aji, wani abokin karatunmu ya tashi ya maimaita hirar da ya yi da wani ɗan kasuwa da Hausa ba harshen uwarsa ba ce, kuma mutumin yana ba da labarin ranar da ya ɓoye 'ya'yansa ne a gidan maƙwabci. Bai ƙarasa jimlar farko ba ajin ya kwashe da dariya. Malaminmu bai yi faɗa ba. Cewa ya yi ya sake, amma ya saki karin harshen ya riƙe inda mutumin ke jan numfashi da inda yake sauri. Da ya sake, ba wanda ya motsa.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ya fi damuna, wato almakashi. Mukan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma da wannan ake tallar irin wannan wasa: ga maganar mutane nan tsantsa, marubuci bai sa baki ba. Ni ban yarda ba. Bai sa baki ba, amma ya sa hannu har gwiwa.

A ɗauki wani wasan nata, Twilight: Los Angeles, 1992. Asalinsa sananne ne. Ranar 3 ga Maris 1991 'yan sandan Los Angeles suka lakaɗa wa wani baƙar fata mai suna Rodney King duka, wani mazaunin wurin ya ɗauka a bidiyo, duniya ta gani. Kwana goma sha uku bayan haka wata mai shago 'yar Koriya ta harbe Latasha Harlins, baƙar fata 'yar shekara 15, a kan rigimar kwalbar lemo, kotu kuma ba ta tura ta kurkuku ba. Da aka wanke 'yan sandan huɗu ranar 29 ga Afrilun 1992, birnin ya kama da wuta. Mutum fiye da 60 suka mutu, asarar dukiya ta kai wajen dala biliyan ɗaya, kuma shagunan 'yan Koriya na cikin waɗanda suka fi shan wuta. Smith ta yi hira da mutum sama da 200, amma kaɗan daga cikinsu ne suka hau dandamali, kowanne da 'yan mintoci. Akwai shugaban 'yan sanda Daryl Gates. Akwai Reginald Denny, direban babbar mota farar fata da aka jawo aka kusa kashewa, wanda baƙaƙen fata huɗu suka cece shi. Akwai Elvira Evers, mai juna biyu da harsashi ya same ta ya maƙale a gwiwar hannun jaririyar da ke cikinta, kuma dukkansu suka rayu. Akwai Young-Soon Han, wadda ta rasa shagonta, tana cewa ta ga baƙaƙen fata na murna da hukuncin kotun tarayya na 1993 da ya sami biyu daga cikin 'yan sandan da laifi, ta so ta taya su, zuciyarta ta ƙi. Wa ya zaɓi waɗannan ya bar sauran? Wa ya ce wannan ya biyo bayan wancan? A Fires in the Mirror ɗan'uwan Rosenbaum ya yi magana, amma mahaifin Gavin Cato ne ya rufe wasan. Da an juya, da wani wasan ne dabam 'yan kallo za su tafi da shi gida, alhali ba a sauya harafi ko ɗaya ba.

Haka abin yake a Landan. A 1999 gidan wasan Tricycle ya nuna The Colour of Justice, wanda ɗan jarida Richard Norton-Taylor ya tsamo daga zaman kwamitin binciken kisan Stephen Lawrence, matashi baƙar fata da wasu fararen fata suka kashe a unguwar Eltham ta Landan a 1993. Bayanan zaman sun haura shafi 10,000, wasan kuwa na zama ɗaya ne. Ya fito tun kafin rahoton kwamitin, wato rahoton Macpherson, wanda ya ce wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin rundunar 'yan sandan Landan. Kowace kalma a wasan an faɗe ta a gaban kwamitin, amma zaɓen abin da ya shiga hukunci ne, ko da hukuncin daidai ne.

Abin da ya ƙara mini girmama Smith shi ne ta san da wannan. Da za ta haɗa Twilight, ba ta amince wa kunnenta kaɗai ba. Ta zauna da masu ba ta shawara daga al'ummomi dabam-dabam, cikinsu da Dorinne Kondo, masaniya mai asalin Japan, da Héctor Tobar, ɗan jaridar da ya ɗauko rahoton tarzomar, da marubuciyar waƙoƙi Elizabeth Alexander, don su gaya mata inda ta danne wani ɓangare. Duk da haka ina da ƙorafi ɗaya a kan salon. In aka jera kowa da ciwonsa, ɗan kallo zai iya fita da jin cewa duk kanwar ja ce, mai sanda da wanda aka doka sun yi kunnen doki. Ba kowane rikici ba ne ɓangarorinsa ke da ƙarfi ɗaya, kuma raba mintoci daidai-wa-daida ba ya nuna hakan.

Nakan tuna da kwamitin Oputa da aka kafa a Najeriya a 1999 don binciken take haƙƙin ɗan Adam. An nuna zamansa a talabijin, mutane suka ji shaidu da kunnensu, aka miƙa rahoto a 2002, gwamnati ba ta fitar da shi a hukumance ba. Kayan irin wannan wasa ne sak. Sai dai duk wanda zai taɓa shi, ko ya taɓa wani rikicin da maƙwabta ke iya gane muryar juna a cikinsa, yana da aiki biyu kafin ya nemi 'yan wasa: ya koma wa kowane mai magana da abin da ya rage na maganarsa bayan tacewa ya ji ko ya yarda, sannan ya zaunar da mutanen da ba sa ga maciji da juna su duba masa jerin, musamman wanda ya ba maganar ƙarshe.