Zariya a tsakiyar hunturu

Ɗaurin auren ɗan Goggona ne ya kai ni Zariya a watan Janairu. Daga Sakkwato muka taso ana idar da sallar asuba, domin duk direban da ya san hanyar nan ba ya so yamma ta riske shi tsakanin Gusau da Funtuwa. Tun daga Talatar Mafara hazo ya rufe gari ruf. Da hantsi direba yana tafe da fitila a kunne, tirela ba ta bayyana sai ta kusa cim maka. Muka yi azahar a Funtuwa, muka miƙe ta Giwa da Shika, muka wuce asibitin koyarwa, sai ga Samaru.

Wanda ya saba shigowa ta wannan hanya ya san abin da ido ke fara nema: doguwar katangar Jami'ar Ahmadu Bello, da dogon ginin majalisar jami'ar da ake hangowa tun daga nesa. A ranar sai da muka zo daf da ƙofa na iya rarrabe shi da sararin sama. Ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙin jirgin sama, waɗanda suka saba shawagi a kan unguwannin nan, ko ɗaya ban ji ƙararsa ba. Rana kuwa tana rataye kamar faifai, fara fat, kana iya zuba mata ido ba ta kashe maka shi ba.

Mu Sakkwatawa muna da tunƙaho da zafi. Wanda ya sha Afrilu a garinmu, inda ma'auni ke haura digiri 40 ba wanda ya ɗaga kai, gani yake babu garin da yanayinsa zai ba shi tsoro. To ita Zariya ba da zafi take karɓar baƙo a wannan lokaci ba. Muna da namu ɗarin, amma nata ya fi cizo, kuma akwai dalili. Garin yana kan tudu, sama da mita 600 daga doron teku, kusan ninki biyu na tsayin Sakkwato. Ga iskar da ke kaɗowa daga arewa maso gabas ba ta ɗauke da ko ɗigon laima, ƙura kawai take kwasowa daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi. Busasshiyar iska ba ta riƙe ɗumi, shi ya sa da zarar rana ta faɗi sai ƙasa ta saki duk zafin da ta tara. Da asuba ma'auni kan sauko wajen digiri 13 ko 14, da azahar ya koma kusan 30. Cikin yini guda mutum zai nemi bargo, ya kuma nemi inuwa.

Gidan Goggo yana cikin birni, an shiga ta Ƙofar Doka. Tsohon ginin ƙasa ne da aka yi wa kwaskwarima da siminti, sai dai ɗakinta na soro ta hana a taɓa. Bayan an gaisa, an tambayi mutan gida ɗaya bayan ɗaya, ta dubi jakata ta ce, "Ɗan nan, ina fata dai da rigar sanyi a ciki?" Na ce akwai, Goggo. Duk da haka ta sa aka kai mini bargo da kaskon garwashi, ta kuma ce kada in kuskura in rufe ƙofa da wutar a ciki, in ɗaki ya ɗau ɗumi in fitar da kaskon waje. Gargaɗi ne da ya kamata kowane baƙo ya ji, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki ba ya sallama kafin ya yi kisa.

Asubar farko ita ce ta nuna mini garin. An ɗora tukunyar ruwan alwala a murhu tun kafin kiran farko, kowa na zuwa da butarsa ana sirka masa. A hanyar masallaci almajirai sun kewaye wutar kara, sun miƙa tafukan hannu, ƙafafunsu sun yi furu-furu, duga-dugai duk faso. Cikin sahu tari ke amsa tari. Da aka fito, teburin mai shayi ya cika maƙil, mai ƙosai kuwa ba ta samun sararin ɗaga kai. Dattawa sun naɗe rawani har kunne, 'yan acaɓa sun sa safar hannu da hular sanyi, wasu har da takunkumi saboda ƙura. Ni ma kafin hantsi leɓena ya tsage. Goggo ta miƙo mini man kaɗe a cikin gwangwani, ta ce in shafa har cikin hanci saboda haɓo.

Na lura da wani abu a gidan. Ɗakin da aka sauke ni na bulo ne da rufin kwano, da dare sanyi har ƙashi. Soron Goggo kuwa da ɗuminsa, kaurin bangon ya riƙe zafin rana yana sakinsa a hankali, in bazara ta zo kuma shi ne ɗakin da kowa ke gudowa. Maginan Zazzau sun san garinsu. Ba a banza sunan Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na birni a zamanin Sarki Abdulkarimu a shekarun 1830, ya kai har yau ba. Sai dai ginin ƙasa yana da abokin gaba, kuma mijin Goggo, wanda muke kira Baba, shi ya ja ni zuwa wannan zance da muna shan hantsi a ƙofar gida.

Baba ya yi aiki shekaru a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru kafin ya yi ritaya, don haka maganar ruwa ba ta ƙare masa. Ya ce kada in ga ƙurar nan in ɗauka Zariya busasshen gari ne. A shekara ana samun ruwan sama milimita 1,000 ko fiye da haka kaɗan, alhali mu a Sakkwato da wuya mu wuce 700. Yayyafin farko kan zo a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, da guguwa da tsawa, ya yaye kwanon da ba a danne da kyau ba. Ruwa ya zauna sosai a Yuni, a Agusta a shiga marka, ba ya ɗaukewa sai Oktoba. Wannan ruwan ne ya sa ƙasar Zazzau ta zama gidan masara, kuma irin da cibiyarsu ke fitarwa, masu suna da SAM a farko, sun bazu a gonakin Arewa.

Markar Zariya na taɓa shan ta, ba sai an ba ni labari ba. Sama ta yi duhu tun safe, ruwa siriri ba ƙaƙƙautawa, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba, kududdufan cikin birni su cika su tumbatsa, lunguna su koma taɓo, sauro ya samu gari. Duk mai gidan ƙasa da bai yi yaɓe ya gyara indararo kafin saukar ruwa ba, a watan nan yake kwana da ido ɗaya. Amma gari kan yi kyau ƙwarai, ko'ina kore shar, ga gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa a kowace kwana. Mai zuwa a lokacin ya taho da lema da gidan sauro, kuma kada ya sa farar shadda in zai shiga birni da ƙafa.

Bazara ce ba na ba kowa shawara. Daga Maris zuwa saukar ruwa zafi kan kai digiri 36 zuwa sama, dare ba iska, rijiyoyi sun ja baya, lokacin sanƙarau ke nan. Abin da ke rage mata muni mangwaro ne, da kuma rimayen birni da 'ya'yansu ke fashewa audugar tana yawo a iska. Masu zuwa kallon hawan salla su lura cewa watan Musulunci yana matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara. Ƙaramar Sallar 2025 a ƙarshen Maris ta faɗo, cikin tsananin rana, kuma daga nan baya-baya za ta riƙa yi tana shiga hunturu.

In da za a bar ni in zaɓa, kaka zan ce, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya ɗauke, ƙura ba ta iso ba, ciyawa da sauran ɗanyenta, hatsi ya shigo kasuwa. A lokacin ne ake tsayawa a bakin ganuwa a hango Dutsen Kufena sarai. A wannan zuwan na so in hau shi, Baba ya ce wahalar banza ce, in na kai ƙololuwa hazo zan gani ba gari ba.

Maimakon haka wani ƙanen ango ya ɗauke ni a babur muka gangara fadamar Galma. A nan hunturu ke biyan bashinsa. Injinan ban-ruwa na ta ruri, tumatir ya yi jajur a kwanduna, ga albasa, ga karas da kabeji, domin kayan lambu sanyi suke so, zafi na shigowa tumatir zai fara zubar da fure. Na tsaya wajen wani manomi da ke wanke karas a bakin ruwa, hannuwansa sun ƙandare, na ce sannu da sanyi. Ya yi dariya ya ce Allah Ya ƙaro shi.

Ranar ɗaurin aure an sa ƙarfe 11 na safe. Mutane suka fito tun da wuri cikin manyan riguna, da suwaita a ƙarƙashi, aka yi ta gaisawa a hantsi ana murza hannu. Liman ya ɗan makara. Kafin a shafa fatiha rana ta huda hazon, sai ga manyan mutane suna fifita da katin gayyata, gumi na bin wuyan rawani, ba halin tuɓewa a bainar jama'a. Wani Bakano abokin ango ya samu abin da yake nema, ya ce shi dai bai taɓa ganin gari mai fuska biyu irin na Zage-zagi ba. Aka yi masa caa, wani dattijo ya ce ya bari a raba goro tukuna, sannan a yi maganar wanda ya fi wani.