Tarihin Rayuwar Christian Cannabich, Kashi na Huɗu: Baƙon da Ya Zo Neman Aiki

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wancan makon mun tsaya ne a 1774 lokacin da aka ba Cannabich ragamar makaɗan fadar Mannheim da ke ƙasar Jamus gaba ɗaya, wato shi ne sarkin makaɗan sarki Karl Theodor kenan, yaron da ya shigo fadar nan yana ɗan shekara 12 yana koyon goge a hannun Johann Stamitz, jagoran makaɗan fadar na lokacin.

Kafin mu ci gaba bari in ɗan nuna muku yadda mutumin nan yake aiki, don a nan gwanintarsa take. Lokacin babu wannan 'yar sandar da kuke gani jagoran makaɗa yana kaɗawa a talabijin, shi gogensa na hannunsa yana kiɗa tare da su, da gyaɗa kai da ɗan motsa gwiwar hannu kawai yake juya mutane da yawa haka, kuma ya hore su har sandunan gogensu tare suke hawa tare suke sauka kamar hannun mutum ɗaya. Sai su fara kiɗa can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, ya yi ta tasowa yana tasowa har ya cika zauren. Wani Bature ɗan Ingila, Charles Burney, da ya ji su a 1772 cewa ya yi runduna ce da kowa a cikinta janar ne.

To ana nan sai ga wani saurayi ɗan shekara 21 ya sauka a garin shi da mahaifiyarsa a ƙarshen Oktoban 1777, aiki yake nema a fada. Mozart kenan fa, shahararren mai tsara kiɗan nan. Cannabich ya karɓe shi hannu bibbiyu, kusan kullum yana gidan, a ci abinci da shi a yi hira da barkwanci har dare, shi kuma yana koya wa 'yar gidan, Rosa, kiɗan fiyano. Har kiɗa sukutum ya tsara mata, ya ce ɓangaren tsakiya mai taushin nan halinta ne ya zana. Aikin dai bai samu ba, a Disamba fada ta ce babu gurbi, ni kam har yau abin na ba ni mamaki wallahi.

Baban Mozart, Leopold, bai ɗauki kiɗan da Cannabich ke tsarawa a bakin komai ba, kuma gaskiya yau ba kasafai ake kaɗa su ba. Amma ɗan da kansa ya rubuto daga Faris a Yulin 1778 cewa bai taɓa ganin jagoran makaɗa kamar Cannabich ba, yaransa na sonsa kuma suna shakkarsa.

Ana cikin haka al'amura suka juye. Ranar 30 ga Disamba 1777 agana ta kashe sarkin Bavaria, bai bar magaji ba, sarautar ta faɗo kan Karl Theodor, dole fada ta tashi zuwa Munich, babban birnin Bavaria. Makaɗa wasu suka bi wasu suka ƙi, Cannabich dai ya tattara ya bar garin da aka binne cibiyarsa.

Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu ji yadda suka sake haɗuwa da Mozart a Munich a 1781 wajen Idomeneo, wasan kwaikwayo na waƙa da Mozart ya tsara.