Talata a Katsina: daga bakin famfo zuwa bakin randa

Talata, tsakiyar Agusta.

Ruwan sama ya kwana yana zuba, da asuba kuma aka sako na famfo a wasu unguwannin cikin gari. Duk mai aikin duba ruwa ya san haɗuwar biyun nan ba ta daɗi, shi ya sa na fita da wuri da jakar aiki: ƙwayoyin DPD na gwajin kulorin, kwalaben ɗaukar samfur, tef ɗin awo, sirinji da tocila.

Na fara da wani lungu wajen Ƙofar Marusa. Ruwan famfon garin nan daga madatsar Ajiwa ta ƙasar Batagarawa aka saba turo shi, kuma sai an tace shi an sa masa kulorin yake tasowa. Ɓarnar a hanya take faruwa. Bututun da ba kullum yake cike ba, in aka ɗauke ruwa sai abin da ya rage a ciki ya gangara, ya bar zuƙo a bayansa. Duk inda bututun ya tsage, ko mahaɗarsa ta saki, abin da ke kewaye da shi zai shige ciki. A lungun nan bututan roba masu rabin inci suna kwance tsamo-tsamo cikin lambatu, ɗaya ma an ɗaure tsaguwarsa da robar tayar keke. Lokacin da akwai ruwa, wurin yana tsartuwa waje, kowa ya ce asara ce kawai. Lokacin da babu, ruwan kwata ne ke bin ƙofar nan zuwa ciki, shi ne kuma ke fara isa gida in an sake sakowa.

Na tari na farko a 'yar kwalbar gwaji mai cin mililita 10, na jefa ƙwaya ɗaya na murƙushe. In akwai kulorin, ruwan kan koma ruwan hoda. Wannan ko gezau bai yi ba, ga shi da ɗan gurɓi. Bayan an bar famfon ya zuba kamar minti goma na sake gwadawa, sai ga launi ya fito a dishe, wajen 0.2. Abin da ake so a bakin famfo shi ne miligiram 0.2 zuwa 0.5 a kowace lita. Ke nan ruwa iri biyu ne ya fito daga famfo ɗaya cikin kwata ɗin awa, kuma na farkon ne matan gida suka yi rububin cika randuna da shi, don tsoron kada a ɗauke.

Na ce wa maigidan, "Alhaji, na farkon nan a bar shi na wanki da share tsakar gida. Bututun kuma a ɗaga shi sama da lambatu, a zura shi cikin na ƙarfe, a sa guda ɗaya miƙaƙƙe wanda ba shi da mahaɗa a daidai kwatar." Sai na hango injin jan ruwa an haɗa shi kai tsaye da bututun titi. Wannan shi ya fi komai muni, domin injin yana ƙara zuƙon ne, ya jawo wa gidan da maƙwabta datti daga kowace tsaga a layin. Daidai shi ne ruwa ya zuba da kansa cikin tanki na ƙasa, daga nan injin ya tura shi sama.

Randa na fi daɗewa a kai. Tana inuwa, da faifai a bakinta, ruwanta sanyi ƙalau. Amma moɗar tana ƙasa kusa da ita, kuma ina tsaye wani yaro ya fito daga bayi ya ɗauka ya tsoma har wuyan hannu. Uwargidan ta ce daga bayan labule, "Malam, ai ruwan ga garau yake, ko ƙwayar ƙasa babu." Gaskiyarta, garau yake. Sai dai ƙwayar kwalara da ta taifot ba sa sauya wa ruwa launi ko ɗanɗano. Ƙa'idar ruwan sha ita ce kada a sami ƙwayar cutar da ke fitowa daga bayan gida ko guda a cikin mililita 100, ido kuwa ba ya ƙirga wannan. Na ɗebi ruwan randar a kwalbar gwaji mai 'yar takarda a ciki, wadda kan yi baƙi ƙirin cikin kwana ɗaya zuwa biyu in da alamar najasa, na ɗebi na famfo a wata don a gwama. A yawancin gidaje ta randa ce ke fara yin baƙi.

Gyaran ba shi da tsada. A sa maganin kulorin a jarka, ba a randa ba, saboda jarka an san abin da take ci. In an sami wanda aka yi musamman don ruwan sha, irin su WaterGuard ko ƙwayar Aquatabs, a bi abin da aka rubuta a jikinsa, don ƙarfinsu ya bambanta. In babu sai bilicin wanki, to ya zama tsurarsa, marar turare da sabulu, wanda aka rubuta kashi 3.5 cikin ɗari a jikinsa. A ja mililita ɗaya da rabi da sirinji a zuba a jarka mai lita 25, a rufe, a girgiza, a jira minti 30. Ya kamata a ji ɗan warinsa kaɗan in an buɗe. In ba a ji ba, ko dai bilicin ya tsufa ya sha rana ƙarfinsa ya tafi, ko dattin ruwan ya cinye shi, sai a maimaita sau ɗaya. Ruwa mai gurɓi ana fara kwantar da shi da alam ko garin 'ya'yan zogale, a tsiyaye na sama ta tsumma mai tsabta, sannan a sa magani. Alam kwantar da laka kawai yake yi, ba ya kashe komai, kuma nan ne mutane da yawa ke tsayawa su ɗauka sun gama. Randar kanta a wanke ta duk mako, a yi mata ludayi mai dogon hannu da ake rataye shi a ƙusa, kofin sha daban. Wanda ya iya sa wa randa ɗan famfo a gindi ya huta da zancen moɗa gaba ɗaya.

A 2021 an ƙiyasta sama da mutum 100,000 sun kamu da amai da gudawa a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, kuma Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa. Da damina ya fi tsanani, irin wannan lokaci.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na wuce Sabuwar Unguwa, gidan da ke shan rijiya. Na ja tef daga bakin rijiya zuwa sokawe, mita 9. Na leƙa ta katanga, masan maƙwabci ya fi haka kusa. Tazarar da ake nema mita 30 ce, kuma gindin ramin masai ya ɗara saman ruwan ƙasa da aƙalla mita ɗaya da rabi. To fulotin ƙafa 50 da 100 gaba ɗayansa kimanin mita 15 ne da 30. A gari mai cunkoso ba gidan da zai iya cika wannan sharaɗi shi kaɗai, balle ƙasarmu mai rairayi da ruwa ke ratsawa da sauri, ga damina ta ɗago ruwan ƙasa sama. Ni a ganina rijiyar cikin gari ta wanka ce da wanki, in kuwa dole sai an sha, to kowace jarka sai da magani. Zuba kulorin cikin rijiyar kanta na 'yan kwanaki ne, tunda mafarin dattin yana nan yana tsatsafowa.

Abin da za a iya gyarawa na nuna wa dattijon gidan. A ɗaga bakin rijiya ya kai kamar santimita 80, a yi daɓen siminti kewaye da ita faɗin mita ɗaya da rabi zuwa biyu, mai gangare zuwa waje, da 'yar magudana. Guga ɗaya tak, a rataye shi da igiyarsa, kada kowa ya zo da nasa. Sai murfin ƙarfe da kwado. Murfin nan ba don ƙura kaɗai ba ne, akwai 'yan rarrafe a gidan. Haka ma bokiti da baho da duron da aka tara ruwan indararo: yaron da ya kifa kai ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma ihu, ruwa ɗan kaɗan ya isa.

Dattijon ya ce, "Yaro, mu fa tafasawa muke yi wa jariri." Na ce, "Baba, madalla, in ya tafasa sosai har ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ƙwayoyin cuta sun mutu. Amma akwai abin da wuta ba ta cirewa." Rijiyar da ke kusa da masai ko turken dabbobi tana tara sinadarin naitiret, wanda bai kamata ya wuce miligiram 50 a lita ba. Babba ba zai ji komai ba, amma jariri ɗan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da shi, jininsa kan kasa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ma ƙara masa kauri take yi, tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi. Dalma ma haka take. Iyakarta miligiram 0.01 a lita, kuma ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubarta ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum ta hanyar sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje. A birni hanyarta ita ce masu fasa tsohon batirin mota, don haka kada a yarda a yi wannan sana'a kusa da rijiya.

Dattijon ya kuma ce zai kira masu yasar rijiya bayan damina. Na ja kunnensa a kan abu ɗaya: kada a saukar da injin fetur cikin rijiya ko a ajiye shi a bakinta hayaƙi na gangarawa. A fara zura fitila mai wuta, in ta mutu to iska ta yi ƙaranci a ƙasa, amma fitila ba ta nuna hayaƙin inji. Mai shiga ya sha igiya a ƙugu, mutum biyu na riƙe a sama. In ya faɗi a ciki, a jawo shi, kada wani ya bi shi. Haka ake rasa mutum biyu da uku a rijiya ɗaya.

A hanya na tsayar da wani ɗan ga-ruwa na haska tocila cikin jarkokinsa. Gansakuka ta yi kore a gindi, rabinsu kuma ba murfi, sai leda da aka cusa. Tsakuwa ƙanana da ruwan bilic, a girgiza a ɗauraye, ya wadatar. Jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur ko maganin feshi kuwa ba wankin da zai mayar da ita ta ruwan sha.

Bayan la'asar sai wani gidan bene a Layout, mai burtsatse da tanki a sama. Masu burtsatse su suka fi sakin jiki, alhali in ba a toshe mitoci biyar zuwa shida na saman ramin da siminti ba, ruwan tsakar gida yana bin jikin bututu ya gangara. Na hau na buɗe tankin: laka kamar kaurin yatsa biyu a ƙasa, da mataccen ƙadangare. Ya shiga ne ta bututun ambaliya da ba a sa wa raga ba. Duk wata shida ake wanke tanki. A zubar da ruwan, a goge ciki da buroshi, a ɗauraye, a cika, a zuba lita ɗaya da rabi na bilicin nan a kan kowace lita 1,000. A buɗe famfunan gida har a ji wari, a rufe, a bar shi ya kwana ba mai sha, da safe a zubar nesa da shuka a sake cikawa. Lita 1,000 kuma tan guda ce cur. Ƙafafun ƙarfen da ke ɗauke da wannan tankin sun ci tsatsa a daidai inda suka shiga siminti, wurin da ruwa ke kwanciya, kuma a ƙarƙashinsa ake shanya.

Wayar injin burtsatsen an haɗa ta an naɗe da leda, tana kwance inda ruwa ya taru. Ana bukatar mahaɗa a cikin akwati mai murfi sama da ƙasa, da sandar ƙarfe da aka kafa don sauke wuta, da makatsar da ke faɗuwa da kanta in wuta ta zurara miliamfa 30. Tana da ɗan maɓallin gwaji, a riƙa dannawa duk wata. A banɗaki na ga hita a bokitin ƙarfe. A cire ta daga soket kafin a taɓa ruwan, kullum. In wuta ta kama wani, a kashe ta daga tushe tukuna, ko a ture shi da busasshen itace, ba da hannu ba.

A madafin gidan, kalanzir ne a robar lemo, da fiya-fiya a wata, duk a ƙasa inda hannun yaro ke kaiwa. Yaron da ya sha kalanzir ba a sa shi amai, ba a ɗura masa manja ko madara, saboda hatsarin shi ne ya shiga huhu. Asibiti kai tsaye, a tafi da robar. Bilic ma kada a haɗa shi da ruwan wankin masai mai asid, iskar da ke tashi tana ƙona ƙirji. Na shafa kumfar sabulu a mahaɗar tukunyar gas, ta yi ƙwai a bakin tiyo, sai aka rufe kan tukunya aka buɗe tagogi. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, kuma in an ji warinsa ba a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa.

Ana kiran magariba aka ɗauke wuta, mai gadi ya ja janareta ya kai shi ƙarƙashin matakala don gudun yayyafi, daf da tagar ɗakin yara. Iskar da ke kisa a hayaƙinsa ba ta da wari ko launi. Da ciwon kai da jiri take farawa, mai barci kuwa ba ya farkawa. Muka fitar da shi can gefen katanga, wajen mita 6 daga kowace taga, bakin salansa na kallon waje, aka ɗora masa fallen kwano a kan bulo huɗu, gefe da gefe a buɗe. Na ce wa Hajiya ta riƙe wannan har zuwa hunturu, don kaskon gawayi a rufaffen ɗaki iskar nan ce dai yake fitarwa.

Kafin in fito ta ce autarta na gudawa tun rana. Na rubuta mata a takarda: lita ɗaya ta ruwan da aka tafasa ya huce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan, abin da ya kwana a zubar a haɗa sabo. In da ƙunshin ORS na kemis ya fi, tare da ƙwayar zinc ta kwana 10 zuwa 14. In kuwa kashin ya koma fari kamar ruwan shinkafa, ko idanu suka faɗa, ko ta kasa sha, a kai ta asibiti a daren nan, kada a jira safiya.